Mai Ƙiba da Motsa Jiki: Abin da Ke Faruwa da Yunwarsa

 Yawancin abin da muke rubutawa a wannan shafi a kan gona ne: iri, taki, maganin ƙwari da ajiyar hatsi. A wannan karo za mu yi magana a kan mai gonar da kansa. Gama idan garma ta lalace akan kai ta wurin maƙeri, amma idan mai riƙonta ya kwanta, ciyawa ce take cinye gonar.

Akwai wata magana da mukan ji sau da dama a wurin taron ƙungiya. Malamin asibiti ya gaya wa mutum cewa nauyinsa ya yi yawa, jininsa ya hau, ya kamata ya riƙa motsa jiki. Sai mutumin ya ce, "In na yi tafiya ai yunwa ce za ta kama ni, in dawo in cinye tuwon gida duka. Ina amfanin? Gara in rage cin abinci in zauna." Maganar tana da kama da gaskiya. Amma masana sun auna wannan abu a cikin jinin mutane, kuma abin da suka samu ya sha bamban da abin da muke zato. Shi ne muke so mu bayyana.

Yadda ƙiba ta shigo ƙauye

A zamanin iyayenmu ba a cika ganin mai teɓa a ƙauye ba, sai ko attajiri ko mai sarauta. Dalilin a fili yake. Namiji yakan yi sharar gona, ya yi shuka da sungumi, ya yi firi da maimai da fartanya, ya yi huɗa, ya yi girbi, ya ɗauko dami a ka. Mace takan nome gayaunarta, ta yi sussuka da surfe da daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya, ta je itace. Ranar kasuwa kuwa da ƙafa ake zuwa, ko a kan jaki ko keke.

Yau al'amura sun sake. Maganin feshi ya rage noman ciyawa. Garmar shanu da tarakta sun ɗauke huɗa. Ga injin niƙa, ga injin casar masara, ga injin ban ruwa a maimakon jigo. Babur yana kai mutum gona, ya kai shi Kwanar Dangora, ya kai shi har ƙofar majami'a. Ba mu ce a koma baya ba. Waɗannan abubuwa albarka ne, sun rage wahala, musamman ta mata. Sai dai aiki ya ragu, kwanon tuwo kuwa bai ragu ba. An ma ƙara masa shayi mai sukari da burodi, taliya, da lemon kwalba.

Ga kuma wani abu da ya shafi manomi musamman. Daga Yuni zuwa Satumba aiki ya fi nauyi, a lokacin ne kuma rumbu yake yin ƙasa. Daga Nuwamba rumbu ya cika, kuɗi sun shigo, ga bukukuwan aure, ga Kirsimeti da Sabuwar Shekara, aiki kuma ya yi sauƙi. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa a ƙasar Kano, kuma mai lambu ko fadama yana da aikin yi har bazara. Wanda ba shi da su kuwa yakan yi wata biyar ko shida a gindin inuwa. Wanda ya saba cin malmala uku a lokacin huɗa yakan ci gaba da cin uku a watan Janairu, domin ciki ba ya sanin an rataye fartanya.

Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu wuni a zaune: 'yan hatsi a rumfar kasuwa, masu injin niƙa, direbobi, malaman makaranta, ma'aikatan ikilisiya, iyaye mata da suka yi haihuwa da yawa, da dattawan da 'ya'ya suka ɗauke wa noma. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, mata 28 nauyinsu ya wuce kima, 12 kuma ramammu ne. Birni ya fi ƙauye masu ƙiba. Amma ƙiba tana jawo hawan jini, ciwon sukari, ciwon gwiwa da shanyewar ɓarin jiki, kuma mun san gidajen da aka sayar da shanun huɗa domin jiyyar waɗannan cututtuka.

'Yan aike huɗu na cikin jini

Mukan ce ciki yana kiran ciroma, kamar ciki ne kaɗai yake da magana. Gaskiyar ita ce a ƙwaƙwalwa ake yanke shawarar a ci ko a bari. Tumbi da hanji da kitse suna aika mata da saƙo ta cikin jini. Masu ɗaukar saƙon wasu sinadarai ne da likitoci suke kira homon. Mu za mu kira su 'yan aike. Suna da yawa, amma huɗu sun ishe mu.

Na fari shi ne girelin, mai shelar yunwa. A tumbi ake yinsa. Masana a Japan ne suka gano shi a 1999. Yakan ƙaru a jini idan lokacin cin abinci ya yi kusa, ya kuma sauka bayan an ci. Yana bin sabo: wanda ya saba cin tuwo da ƙarfe 7 na dare, kafin ƙarfe 7 mai shela ya fara aikinsa.

Na biyu da na uku su ne PYY da GLP-1, 'yan aiken ƙoshi. A hanji ake yinsu. Idan abinci ya sauka hanji sai su tashi su gaya wa ƙwaƙwalwa, "Ya isa haka, a tsame hannu." Suna kuma sa abinci ya ɗan daɗe a tumbi. A 2003 likitoci a Landan suka sa wa mutane PYY ta jijiya, masu ƙiba da marasa ƙiba, sai dukansu suka rage abin da suka ci da kusan kashi 30 cikin 100. Sababbin alluran rage ƙiba irin su Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, kwaikwayon GLP-1 suke yi. Suna da tsada ƙwarai, kuma ba a yinsu sai da likita.

Na huɗu shi ne leftin. Jeffrey Friedman da abokan aikinsa suka gano shi a birnin Niyok a 1994. Kitsen jiki ne yake yinsa. Aikinsa kamar na ma'ajin ƙungiya ne: ba ya magana a kan abincin yau, rahoton abin da ke cikin ajiya yake kawowa. Idan kitse ya yi yawa, leftin ya yi yawa. Idan kitse ya ragu, leftin ya faɗi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari ya zo, ta ƙara wa mutum yunwa.

Abin da ya bambanta a jikin mai ƙiba

Mutane sukan yi wa mai ƙiba dariya, su ce haɗama ce. Ba kullum haka ne ba. A jikinsa saƙonnin nan sun rikice.

Abin mamaki, girelin na mai ƙiba yakan kasa na siriri da safe kafin a ci kome. Matsalar tana bayan cin abinci ne. A jikin siriri mai shelar yunwa yakan yi shiru sosai da zarar an ci. A jikin mai ƙiba ba ya sauka kamar yadda ya kamata. 'Yan aiken ƙoshi kuma sau da yawa muryarsu ba ta da ƙarfi. Leftin kuwa yana da yawa a jininsa, amma ƙwaƙwalwa ta daina sauraronsa, kamar ma'ajin da yake ta faɗa a kowane taro cewa rumbu ya cika, mutane sun saba da muryarsa har ba mai jinsa. Saboda haka mai ƙiba yakan cinye kwanonsa bai ji ya ƙoshi sarai ba. Ba gori yake bukata ba, taimako yake bukata.

Abin da aikin sa'a ɗaya yake yi

Kowane manomi ya san wannan, ko da bai taɓa kula ba. Sa'ad da kake tsakiyar huɗa, gumi yana zuba, ba tuwo kake tunani ba. Idan ka fito bakin gona abin da kake fara nema ruwa ne. Ko an ajiye maka abinci sai ka huta tukuna kafin ka iya ci.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Lokacin aiki mai ƙarfi jini yakan bar tumbi da hanji ya tafi ƙafafu da hannuwa, jiki kuma ya yi zafi. Masana a Jami'ar Loughborough ta Ingila sun nuna a 2007 da 2009 cewa gudu na sa'a ɗaya yana danne girelin, yana kuma ɗaga PYY. Wato mai shelar yunwa ya yi shiru, ɗan aiken ƙoshi ya ɗaga murya, alhali mutum bai ci kome ba.

Waɗancan gwaje-gwaje da samari masu ƙarfi aka yi su. To, mai ƙiba fa? A 2017 a wannan jami'a aka gwada maza da mata 47, wasu sirara wasu masu ƙiba. Kowa ya yi sa'a ɗaya yana motsa jiki a kan injin tafiya. A dukansu yunwa ta ragu na ɗan lokaci, PYY da GLP-1 suka ƙaru. Da aka ajiye musu abinci aka ce kowa ya ci iyakar cikinsa, ba su ci fiye da ranar da suka wuni a zaune ba. Wannan ita ce amsar mai cewa zai dawo ya cinye tuwon gida duka.

A 2022 kuma masana a Amurka suka gano wani sinadari da jiki yake yi lokacin aiki mai tsanani, suka sa masa suna Lac-Phe. Sun same shi a jinin ɓeraye, da na mutane, har da na dawakin sukuwa bayan tsere. Da aka ba ɓeraye masu ƙiba shi, sai suka rage ci.

Abu biyu za mu lura da su. Na ɗaya, aikin da ke danne yunwa shi ne wanda yake sa numfashi ya yi sauri, jiki ya yi gumi. Tafiyar hawainiya daga ƙofar gida zuwa dandali ba ta cika taɓa 'yan aiken nan ba. Na biyu, dannewar ba ta daɗewa. Bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya yunwa takan dawo daidai inda take. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ba ta dawowa da ramuwar gayya.

Rage abinci da ƙara aiki ba ɗaya ba ne

A lissafi, wanda ya bar malmala ɗaya da wanda ya ƙone ƙarfin malmala ɗaya da aiki sun zama daidai. Amma jiki ba ya ɗaukarsu daidai.

A 2011 aka gwada wannan a Loughborough da samari 12 masu lafiya. Wata rana aka rage musu abinci. Wata rana kuma aka ba su abincinsu cikakke, amma suka yi gudu na minti 90 wanda ya ƙone daidai abin da aka rage musu a waccan ranar. Ranar rage abinci girelin ya hau, PYY ya sauka, yunwa ta dame su, kuma da aka sake su a kan abinci suka ci da yawa. Ranar gudu kuwa ba a ga haka ba. Daga baya aka maimaita gwajin da mata, aka sami abu iri ɗaya. Tumbi yana lura da abin da bai shigo ba nan da nan, amma ba ya saurin lura da abin da ƙafafu suka ƙone.

Akwai wani gwaji daga Melbon ta Ostareliya, shi ma a 2011. Mutane 50 masu ƙiba aka sa a kan abinci ɗan kaɗan na mako 10. Waɗanda suka kai ƙarshe sun rage kimanin kilo 13 da rabi. Amma bayan shekara guda girelin nasu yana sama da yadda yake a da, leftin yana ƙasa, yunwa tana nan, nauyi kuma ya fara dawowa. Wannan ne ya sa wanda ya horar da kansa da yunwa yakan koma gidan jiya. Jikinsa ya ɗauka fari aka yi, yana ta ƙoƙarin cika rumbu kafin wani ya zo. Ba muna magana a kan azumin ibada na kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ba. Muna magana a kan mai hana kansa abinci wata da watanni domin ya rame.

Bayan wata uku

Rana ɗaya ba ta isa a gane kome duka ba. Me ke faruwa idan mai ƙiba ya ci gaba?

A Leeds ta Ingila aka sa mutane 35 masu ƙiba motsa jiki kwana 5 a mako har mako 12, ba a hana su cin kome ba. An buga sakamakon a 2008. A matsakaici kowa ya rage kilo 3.7. Amma wani ya rage kilo 14.7, wani kuma ƙaruwa ya yi da kilo 1.7. Aiki iri ɗaya, jiki daban daban. Waɗanda ba su rage sosai ba su ne waɗanda yunwarsu ta ƙaru suka ƙara ci.

Da aka ƙara bincike a Leeds a 2009, da kuma a ƙasar Norwe a 2010, sai aka ga abu biyu suna tafiya tare. Yunwar safe takan ɗan ƙaru, girelin na safe ma haka, musamman idan nauyi ya fara sauka. Amma kwanon abinci iri ɗaya yakan ƙosar da mutum fiye da da, ya kuma riƙe shi. Wato mutum yana jin yunwa a lokacin yunwa, yana kuma jin ƙoshi a lokacin ƙoshi. Ma'aunin da ya lalace ya fara gyaruwa. Saboda haka idan ka yi mako 6 kana tafiya ka ga yunwar safe ta ƙaru, kada ka ce abin bai karɓe ka ba. Ka karya kumallo da abu mai riƙe ciki, ka ci gaba.

An daɗe da ganin alamar wannan. A 1956 wani masani mai suna Jean Mayer ya auna abinci da nauyin ma'aikata 213 a wata masana'antar buhu kusa da Kalkata ta Indiya. Daga masu ƙaramin aiki har zuwa 'yan dako, kowa yana ci gwargwadon aikinsa, nauyinsu kuma bai bambanta sosai ba. Amma masu wuni a zaune, irin su masu rumfa da masu kula da ma'aikata, suna ci kusan daidai da masu aiki mai nauyi, su ne kuma suka fi kowa ƙiba. Idan jiki yana aiki, yunwa tana bin aikin. Idan aiki ya yi ƙasa ƙwarai, yunwa ba ta binsa ƙasa. Wannan shi ne labarin manomin da ya rataye fartanya a Nuwamba.

Kada mu ɗora wa motsa jiki abin da ba zai iya ba

Motsa jiki shi kaɗai ba ya zubar da kilo da yawa. Masana daga Jami'ar Loyola ta Shikago tare da na Jami'ar Ibadan sun kwatanta matan karkara na Jihar Oyo da mata baƙaƙen fata na yankin Shikago, suka buga a 2008. Matan Shikago sun kai kimanin kilo 83, na Oyo kuwa kimanin 58. Amma da aka yi lissafi bisa girman jiki, ƙarfin da suke ƙonewa wajen motsi bai bambanta sosai ba. Babban bambancin yana cikin kwano.

Ga misali na kusa. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana da sukari cokalin shayi 8 zuwa 9. Kafin a ƙone shi sai an yi tafiyar sauri ta kusan rabin sa'a. Abin sha mai sukari kuma ba ya ƙosarwa kamar abincin da ake taunawa. Wanda ya yi tafiya ya dawo ya saka wa kansa da lemo mai sanyi, ya zubar da abin da ya tara.

To, ina amfanin motsa jiki? Yana gyara ma'aunin yunwa da ƙoshi, har rage abinci kaɗan ya zama abin da mutum zai iya jurewa. Yana taimakon wanda ya rage nauyi kada ya dawo. Yana sauke hawan jini da sukarin jini, yana rage kitsen ciki, ko da sikeli bai nuna canji ba.

Abin da za mu yi

1. Mu fara da awo. Ka sami igiya, ka auna tsawonka daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, ka yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya cikinka da ita a kusa da cibiya. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa. Ƙa'idar ita ce kewayen ƙugu kada ya wuce rabin tsawon mutum. Ba a yi wa mai juna biyu wannan awo.

2. Mu san gwargwado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa babba ya yi minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako. Wato aƙalla rabin sa'a, kwana 5. Matsakaici shi ne wanda kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti 10, ya riƙa ƙarawa kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa.

3. Mu nemi motsi a cikin aikinmu. Ba sai an sayi kayan wasa ba. Gonar da ba ta wuce kilomita 2 ba, a je ta da ƙafa ko keke. Ranar Lahadi a bar babur a gida. Mutanen Doguwa, musamman na wajen Riruwai, Allah ya ba ku tudu da duwatsu. Hawan tudu na minti 15 ya fi doguwar tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri sa numfashi sauri.

4. Mu cika rani da aiki. Kai taki gona, haƙa ramin takin gargajiya, gyaran rumbu da danga, tare zaizayar ƙasa da duwatsu, ƙaramin lambu a bayan gida. Gona ta amfana, jiki ya amfana. Ɗaukar kaya da haƙa suna ƙarfafa tsoka, ana kuma son irin wannan aiki kwana 2 a mako.

5. Mu ci abin da yake ta da 'yan aiken ƙoshi. Wake, waken suya, awara, alale, ɗanwake, ƙwai, kifi, kwaɗon zogale da na rama suna riƙe ciki fiye da burodi da farar shinkafa. A rage malmala ɗaya, a ƙara miyar ganye da wake. A ci a hankali, gama saƙon ƙoshi yakan ɗauki lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Bayan aiki a fara shan ruwa.

6. Mu yi barci isasshe. A Shikago a 2004 aka hana samari 12 barci, sa'a 4 kawai suka yi har dare biyu. Leftin nasu ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28. Mai raba dare a wurin mai shayi yana kiran yunwa da kansa.

7. Mu yi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum uku ko huɗu su sa lokaci da sassafe. Zumuntar Mata tana iya shirya nata. A daina yi wa dattijo ko uwargida dariya idan an gan su suna tafiya da ƙafa, ana cewa ko babur ya lalace ne.

Gargaɗi

Wannan bayani domin masu ƙiba ne. A gidajenmu da yawa matsalar ita ce rashin isasshen abinci. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna fiye da rabin yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Arewa maso Yamma sun tsumbure. Kada a rage wa yaro, ko mai juna biyu, ko mai shayarwa abinci saboda abin da aka karanta a nan. Mai noma da hannu a tsakiyar damina ma ya ci ya ƙoshi, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin da mai gida ya rage daga kwanonsa, ya tafi kwanon yara.

Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, da mai shan maganin ciwon sukari su fara ganin malamin asibiti kafin su soma. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, ya tsaya nan take ya nemi asibiti. A watannin Maris, Afrilu da Mayu a guji tsakar rana. Mai ciwon gwiwa ya fi dacewa da keke. Kumburin ƙafa da fuska ba ƙiba ba ne, a kai shi asibiti. Haka kuma wanda yake ramewa ba dalili, ga yawan ƙishi da fitsari, kada ya yi murna. A auna sukarin jininsa. A kuma yi hankali da magungunan rage teɓa da ake tallarsu a kasuwa, waɗanda ba a san abin da ke cikinsu ba.

Tambayoyi domin taron ƙungiya

1. Waɗanne ayyuka ne iyayenmu suke yi da hannu waɗanda inji ya ɗauke mana? Da me muka maye gurbinsu?

2. Daga Disamba zuwa Afrilu, sa'a nawa kowannenmu yake yi a zaune a rana?

3. Nawa ƙungiyarmu ta ba da rance ko gudummawa bara saboda jiyyar hawan jini da ciwon sukari?

4. Za mu iya gayyatar malamin asibiti ya auna mana jini sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma kafin shuka?

Muna roƙon sakatarorin ƙungiyoyi su karanta wannan a taro domin waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma zo da igiya. Duk ƙungiyar da ta fara tafiyar safe ko aikin gayya na rani ta aiko mana da labari bayan wata uku, mu ji yadda ta kasance, domin sauran su koya. Allah ya ba mu lafiya da ƙarfin aiki.